Wuƙar Sarkin Bakan Agege

A Agege babu daji, amma akwai Sarkin Baka. Wannan bai taɓa damun kowa a unguwar ba, don mutanen Legas sun saba ganin abin da ya fi haka su wuce abinsu. Sunansa Alhaji Zakari, dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai, goro yake sayarwa tun yana saurayi, sarautar kuwa gadonta ya yi. Kakan babansa ne maharbin gaske. Shi ya biyo sojan Turawa daga Arewa, da aka sallame shi ya zauna a Agege tun wurin yana kurmi da gonakin goro, yana harbo nama yana sayarwa. Kurmin ya tafi, kwalta da kwata da hayaƙin motocin hayar nan danfo suka maye gurbinsa, amma sarauta ta ce ba inda za ta. Shaidar da ta rage wuƙa ce guda cikin kuben baƙar fata, a rataye jikin ƙusa a falon Alhaji, sama da talabijin.

Jikansa Haidar, ɗan shekara goma sha shida, tun da ya yi wayo yake kallon wuƙar nan da ido irin na mai jin yunwa. Da labarin farauta aka raine shi. Kullum bayan la'asar Alhaji zai fito bencin ƙofar gida, abokansa tsofaffi su kewaye shi, ya buɗe ƙullin goro, ya buɗe baki. Yau gadar da ya bi kwana biyu a dajin Ota, gobe makwarwar da ya kama da hannu a Ifo tana tsakiyar tashi. Tsofaffin sun ji kowane labari fiye da sau ɗari, kuma suna lura yadda gadar ke ƙara ƙiba duk shekara, amma goron kyauta ba ya barin baki ya yi gardama. Haidar ne kaɗai yake sauraro da zuciya ɗaya. A wurinsa duk faɗin Legas babu namiji kamar kakansa.

Akwai 'yan abubuwan da mai lura zai lura da su. Ranar layya Alhaji ba ya yanka ragonsa, mahauci yake aikawa a kira daga Oko-Oba, ya ce hannun Sarkin Baka ba ya taɓa dabbar gida. In matarsa Hajiya Mero ta sayo kaza, a daidai lokacin yake tuna akwai wani mara lafiya a Idi-Araba da bai je dubawa ba. Haidar ya ga duk wannan, ya ɗauke shi a kan girma: mutumin da ya saba da manyan daji, me zai yi da kaza?

Magana ta tashi ne ranar ƙaramar Sallah, gida cike da jikoki. Mu'az, ɗan kawun Haidar da ya zo yawon Sallah, ya nuna wuƙar ya tambaya cikin wasa wa zai gaje ta. Alhaji ya ci ya ƙoshi, sabuwar shadda tana ta ƙara a jikinsa, sai ya gyara zama ya duba jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Kowa kansa a sunkuye kan waya. Hankalinsa ya kwanta, ya ce wuƙa ba ta ɗan fari ba ce, ba ta auta ba ce, ta wanda ya kamo naman daji da hannunsa ce, ba saye ba, ba roƙo ba.

"Kuma a al'adar gidanmu," in ji shi, "farkon kamun yaro da ransa ake kawo shi. Sarkin Baka ya yanka shi da wuƙar nan a gaban jama'a, sannan ya miƙa wa yaron ita. Haka aka yi mini."

Babu wanda ya taɓa jin wannan al'ada a gidan, har Hajiya Mero da ta yi shekara hamsin a cikinsa. Ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da rabon waina. Haidar kuwa ya ce shi zai kawo. Yayarsa Fareeda, wadda Allah ya hore wa harshe bai hore mata birki ba, ta ce lallai dabbobin daji sun shiga uku, tunda mutumin da ya haye gado makon jiya saboda kyankyaso ya yi niyya. Falon ya ɗauki dariya, Alhaji ma ya dara, ya ce a ƙyale abokinsa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dariyar nan ta ƙona Haidar ƙwarai. Daga ranar ba wuƙar kaɗai yake so ba, so yake a miƙa masa ita a ƙofar gida, gaban tsofaffi, gaban Fareeda, kowa yana gani.

Ya fara inda 'yan zamaninsa ke fara komai, wato a waya. Ya ƙarar da datar mako guda yana kallon wani Bature mai gemu da ke koya wa matasa farautar ƙananan dabbobi. Baturen yana da bindiga, da kare mai kunnuwa har ƙasa, da dajin da babu ko leda guda a cikinsa, kuma ya nanata cewa kada mafarauci ya fita sai da riga mai launin lemo. Bindiga da kare da daji sun fi ƙarfin Haidar, amma rigar ya samu aro wurin wani mai okada, wato ɗan acaɓa. Da ita da danƙo ya fita harbin kurciya a kan wayar lantarki. Kurciyar ba ta ko gyara tsayuwa ba, dutsen kuwa ya yi sama ya dawo cikin tukunyar Iya mai wake da burodi, maƙwabciyarsu. Iya ta zage shi da Yarabanci, ta bi zuriyarsa da ɗai-ɗai har ta kai kan asalin maharbin da ya biyo soja, shi kuma duk ya ji, don Yarabancinsa ya fi Hausarsa gudu. Bayan kwana biyu ya kamo gafiya a kwatar bayan gida ya sa a kwali. Hajiya Mero ta raka shi da tsintsiya har titi, tana cewa in wannan ne naman daji, to ita ta sake shi, ta fasa auren. Wasan kaka da jika ne, amma tsintsiyar ba wasa take ba.

Wanda ya ga wannan fita shi ne Souleymane, mutumin Dogondutsi ta Nijar, mai gadi, wanda ke haya a ɗakin bayan gidan Alhaji. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana. Ranar da ba ya aiki yakan zauna a ƙarshen benci yana jan carbi, in Alhaji ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Souleymane, kai da ka fito daga daji?" amsarsa ɗaya ce kullum: Sarki ya fi shi sani. Ya leƙa kwalin, ya dubi igiyar da Haidar ya ɗaure gafiyar da ita, ya tambaye shi da gaske yake ko wasa. Haidar ya rantse. Souleymane ya ce to, gobe bayan asuba ya biyo shi wurin aiki.

Wurin aikin a Ilupeju yake, wata masana'anta ce da ta daɗe da rufewa, masu ita suna ƙasar waje suna shari'a da juna. Souleymane yana gadin injinan da tsatsa ta riga ɓarayi cinyewa. Amma a bayan ginin, cikin katanga, akwai fili da ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa na bi ta gefensa. A nan gyazbi ya yi gari. Haidar bai taɓa ganin gyazbi da rai ba, sai ƙyafaffe a hannun masu talla a kan hanyar Abeokuta: dabba ce mai kamar ƙaton ɓera, gajeren wutsiya, gashi mai kaushi, ba ta cin komai sai ciyawa da rake da rogo, namanta kuwa mutanen kudu suna ji da shi.

Abu na farko da Souleymane ya yi shi ne ya cire masa rigar lemo ya rataye a ƙofar ɗakin gadi. Ya ce waccan don kada wani maharbi ya harbe ka ce, nan kuwa babu mai harbin kowa. Na biyu, ya sunsuna shi ya ce turaren nan ya isa ya kori gyazbin Ilupeju duka zuwa Ijora. Na uku shi ne wanda ya fi ba Haidar haushi: kwana uku bai bar shi ya taɓa tarko ba. Tsugunno kawai da kallon ƙasa. Haidar ya yi ƙorafi, ya ce ai zomo ba ya kamuwa daga zaune. Souleymane ya ce gaskiya ne, amma bai taɓa jin an kama shi da gaggawa ba.

A hankali idon yaron ya buɗe. Ya fara ganin karan ciyawar da aka datse a karkace kamar da reza, an tara guntayen wuri guda. Ya fara gane sabon kashi da na jiya. Ya ga hanyar da suke bi a ƙarƙashin ciyawa, 'yar rumfa mai faɗin tafin hannu biyu, wadda da can zai taka ya wuce. Sai a rana ta huɗu Souleymane ya fito da tsohuwar wayar birkin okada, ya warware ta, ya nuna masa yadda ake azargiya, da tsayin da za a rataye ta daga ƙasa, da turken da za a kafa mata. Ya sa shi ya murza hannunsa da ƙasa da ɗanyar ciyawa kafin ya taɓa wayar. Ya ce tarko uku sun isa, kada mutum ya kafa abin da ba zai iya zagayawa ba. Ya ce in mace ce mai ciki ko mai nono, a sake ta. Abin da ya fi nanatawa kuwa wani ɗan ƙulli ne da ake yi a jikin wayar don kada azargiyar ta matse har ƙarshe. In babu shi, dabba za ta shaƙe kafin a zo, ta zama mushe, ka kashe rai a banza.

Haidar ya roƙi bawon rake wurin mai rake na bakin tashar jirgi, ya riƙa zubawa kusa da hanyar. Kwana takwas yana hawa danfo bayan asuba yana tarar da tarkunansa yadda ya bar su. Fareeda ta riƙa tarbarsa da tambayar ko ta ɗora ruwan zafi. A rana ta tara barci ya sace shi, bai isa Ilupeju ba sai da rana ta take. Ya tarar da gyazbi a tarko na biyu, kwance, ya sandare, ƙudaje sun fara zuwa gaisuwa. Ƙullin nan ne ya yi shi sakwa-sakwa, ya zame. Souleymane bai yi masa faɗa ba. Fartanya ya miƙa masa ya ce ya binne abinsa da kansa. Haidar ya haƙa ramin ya binne shi, bai taɓa zaton abin zai yi masa ciwo haka ba. Tun daga ranar ko ladan bai riga shi tashi ba.

Ranar Asabar ta mako na uku, tun daga nesa ya ga ciyawa na girgiza. Namiji ne ƙato, ya yi tirjiya har ya share ƙasar da ke kewaye da turken, yana huci yana kaɗa haƙora masu launin goro. Souleymane ya nuna masa yadda zai danne shi da buhu ya kama ƙeya, ya gargaɗe shi kada ya riƙe wutsiya, tsinkewa take ta bar ka da ita a hannu. Da suka ɗaure bakin buhun, Haidar na ta murna, Souleymane ya zaro 'yar wuƙarsa daga aljihu ya miƙa masa. Ya ce ya yi bisimilla ya yanka a nan, ya kai wa Sarki nama, shi ke nan. Haidar ya ce ina, ai al'adar gidansu da rai ake kaiwa.

"Ɗana," Souleymane ya ce, "wani abin da tsoho ya hwaɗi a bisa benci, ba don a kawo mishi shi gida ya hwaɗe shi ba. Yanka shi nan. Dakor? Ka yarda?"

Haidar ya dube shi, ya yanke a ransa cewa kishi ne. Mai gadi ne fa, duk iyawarsa, ba zai so a ga Sarkin Baka ya zare wuƙar gado ba. Ya yi masa godiya ta ladabi, ya saɓa buhunsa. Souleymane ya mayar da wuƙarsa aljihu, ya ce Allah shi kyauta.

A danfo buhun ya yi tsalle a kan cinyarsa tun kafin su bar Oshodi. Kwandasta ya juyo ya ce, "Oga, wetin dey inside?" Da ya faɗa masa abin da ke cikin buhun, matar da ke kusa da shi, wadda ta riga ta tattare zanenta tana kiran sunan Yesu, ta matso ta ce ya sayar mata. Ya ƙi. Har suka iso Agege tana lallashinsa, shi kuwa yana kallon taga yana tsara yadda zai karɓi wuƙa, da hannu biyu ko da ɗaya.

Bai shiga da buhun gida ba. Ya ɓoye shi a inuwar bayan ɗakin Souleymane, ya yayyafa masa ruwa, ya jira la'asar, don so yake benci ya cika. Ya kuwa cika. Alhaji yana tsakiyar dajin Ota, gada ta kusa faɗuwa, sai ga jikansa ya durƙusa a gabansa ya ajiye buhu. Buhun ya motsa. Labari ya tsaya cak.

Kafin a ce me, zance ya zagaya layin. Yara suka taru, masu shago suka leƙo, Iya mai wake ta bar tukunyarta ta zo da ludayi a hannu. Tsofaffin benci, waɗanda shekara talatin suke biyan kuɗin goro da kunnuwansu, suka gyara zama da wata irin murna da ba ta yi kama da ta masoya ba. Ɗaya daga cikinsu, Malam Idi, shi ya tuna wa kowa al'adar gidan, kalma bayan kalma, don Alhaji ya maimaita ta a bencin bayan Sallah har sau uku. Ya ce yau dai gani zai kori ji. Aka aika Fareeda ta ɗauko wuƙa. Ta kawo ta, bakinta a rufe, abin da Haidar bai taɓa gani ba tun da aka haife shi. Hajiya Mero ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi a kafaɗa.

Alhaji ya ce a bari sai gobe, yamma ta yi. Malam Idi ya ce rana tana nan da sauranta. Alhaji ya ce wuƙar tana son wasawa. Aka ja ta daga kube, da ƙyar ta fito, ta yi ja da tsatsa, sai wani mai shago ya ruga ya kawo dutsen washi, mutum uku suka yi ta aiki a kanta har ta yi ƙyalli. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alhaji ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya karɓi wuƙa.

Haidar ya kwance buhu, ya kama ƙeyar gyazbin yadda aka koya masa, ya danne ƙafafun baya da gwiwa, ya juya shi gabas. Yana jin bugun zuciyar dabbar a tafin hannunsa. Alhaji ya tsuguna a gabansa, babbar rigarsa ta rufe su biyun daga idon jama'a. Haidar ya ɗago don ya ga fuskar da ya daɗe yana son gani, fuskar maharbi a bakin aikinsa.

Abin da ya gani tsoho ne da gumi ke tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa. Ya riƙe wuƙar kamar yadda ake riƙe wuƙar ɓare goro, babban yatsa a kan kaifin. Leɓensa ya yi fari. Ba ya kallon wuyan dabbar, ba ya ma iya kallonta, idonsa a kan jikansa yake. Ya matso da kansa kamar mai yin bisimilla.

"Abokina," ya ce, muryarsa can ƙasa, "ban taɓa ba. Ko kaza. Jini juya mini kai yake yi."

A wannan ɗan taƙin komai ya dawo wa Haidar a jere: mahaucin Oko-Oba, mara lafiyar Idi-Araba, kallon da Hajiya Mero ta yi ranar Sallah, da wuƙar da Souleymane ya miƙa masa da safe. Da farko fushi ne ya taso masa, fushin makonni uku na sammako, da na shekara goma sha shida na sauraro. Ya ji kamar ya miƙe ya faɗa wa kowa. Sai ya hango Malam Idi ta gefen rigar, ya miƙo wuya, goro a kumatu, yana jira. In tsohon nan ya zube a nan gaban Iya mai wake, ko ya ajiye wuƙar ya tashi, benci ya mutu ke nan, kuma ba shi da wani abu a duniya da ya kai masa bencin nan. Tausayi ya kama Haidar, irin wanda bai san ana ji wa babba ba.

Ya san sarai inda aka ce kada ya riƙe. Ya sassauta ƙeyar, ya ɗage gwiwa, ya kai hannu ya cafki wutsiya.

Gyazbin ya yi fitar burtu ta tsakanin ƙafafun Alhaji. Jama'a suka watse, yara na ihu, Malam Idi ya haye benci da saurin da ba a san yana da shi ba. Dabbar ta bi gefen kwata ta shige ƙarƙashin teburin Iya. Haidar ya rage a durƙushe da guntun wutsiya a hannu.

Dariyar da aka yi ta ninka ta ranar Sallah sau goma. Alhaji kuwa, da ya ga ƙasa babu jini, nan da nan muryarsa ta dawo, har da ƙari. Ya miƙe yana kaɗa wuƙa, ya ce a gani fa, yaran zamani, wa ya taɓa riƙe gyazbi ta wutsiya? Ya ce da a dajin Ota ne da yaron nan ya sha mari. Ya ce saura ƙiris, wuƙa ta riga ta taɓa gashi. Tsofaffi suka ce ƙwarai, sun gani. Fareeda, wadda bakinta ya samu lafiya, ta ce a yi wa Sarkin Saki mubaya'a, sunan kuwa ya zauna daram kafin magariba. Haidar ya tattara buhunsa ya shige gida. A bakin ƙofa Hajiya Mero ta matsa ta ba shi hanya, ba ta yi masa tsiyar da ta saba ba. Gyazbin ma bai yi nisa ba: ɗan Iya ya maka masa katako a bayan shago, da yamma ƙamshin farfesu ya cika layin. Iya ta fanshe wakenta.

Da aka kawo tuwo, Haidar ya tarar da tsoka uku a ƙarƙashin nasa, a gidan da tsoka ɗaya ce ƙa'ida. Souleymane ya dawo daga aiki ya ji labari a bakin mutum biyar kafin ya kai ɗakinsa. Da suka haɗu a wurin alwala, ya dubi yaron ya ce ai ya gaya masa wutsiya tsinkewa take. Haidar ya ce ya tuna. Souleymane ya gyaɗa kai, ya ce to bon, tarko biyu suna can a kafe, gobe bayan asuba.

Kwana uku Alhaji bai yarda sun haɗa ido ba. A na huɗu, bayan azahar, gida ba kowa sai su, ya kira shi falo. Wuƙar tana kan tebur. Yana kallon talabijin da ba a kunna ba ya ce ƙusar nan ta fara girgiɗi, yana tsoron wuƙa ta faɗo wa wani a ka, Haidar ya ɗauka ya ajiye a wurinsa. Haidar ya tambaya zuwa yaushe. Alhaji ya ce har a gyara ƙusar. Su biyun suka dubi ƙusar, tana nan daram yadda take tun kafin a haifi baban Haidar. Ya sa hannu biyu ya ɗauka.

Har yau ba a gyara ƙusar ba. Wanda ya tambayi Alhaji ina wuƙa, sai ya ce tana wurin mai washi. Labarin gyazbi ya shiga cikin labaran benci, yanzu ya kai girman ɗan akuya, kuma kullum a wuri ɗaya yake ƙarewa, inda yaro ya kama wutsiya. Haidar yakan wuce ta gaban bencin da buhunsa, don yanzu yana kamawa, yana yankawa da kansa a can Ilupeju, Hajiya Mero tana dafawa, tsofaffin ma suna ci. Duk da haka Sarkin Saki suke kiransa, yana amsawa. Wuƙar tana ƙasan akwatinsa, naɗe cikin rigar lemon da mai okada ya ce ya bar masa. Ba ya iya nuna ta ga Fareeda, ba ya iya nuna ta ga kowa, don duk wanda ya gan ta zai tambayi dalili. Wani lokaci in labarin ya zo daidai wurin wutsiya, Alhaji yakan juyo ya ce, "Ko ba haka aka yi ba, abokina?"

Haidar ya ce, "Sarki ya fi ni sani."